Kwalbar Da Na Ba Abba

Sallama gare ku, ku da kuka tsaya a wannan shafin. Ban taɓa rubuta labari ba, rahoton gwaji kawai na saba, don haka in kun ga na cika bayani kamar mai amsa tambayar jarrabawa, ku yi mini uzuri. Bari in fara da ƙafar Abba, tunda ko ta ina na ɓullo nan nake dawowa.

Abba tela ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ta kalli titi, ɗaya ta buɗe cikin falo. Keken ƙafa yake ɗinki da shi, ya ƙi na lantarki, wai ba ya jin magana. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa har ya kai ga allurar insulin safe da yamma. Shi yake yi wa kansa a ɗakinsa, don Umma ko a talabijin aka nuna allura sai ta kau da kai. Wata rana fil ya faɗi ƙasa ya taka, ya zare ya ci gaba da aikinsa. Ɗan rami ne a ƙasan babban yatsan dama, amma ya ƙi warkewa, ga zogi da ke hana shi zama wuri ɗaya. Likita ya ce a riƙa wankewa ana naɗewa, a kuma riƙe allurar nan hannu bibbiyu, in ba haka ba abin da ake gudu zai iya faruwa. Bai faɗi sunan abin ba, mu ma ba wanda ya tambaya.

Ni kuwa ina digiri na biyu a sashen kimiyyar sinadarai. A gida ce mini ake Malama, Abba kaɗai ke kirana Uwata. Aikina, in na taƙaita, shi ne in dafa ganyen gwaba, in tace ruwan, in ɗiga shi a cikin ruwan gishirin azurfa. Ruwan da yake fari tas kamar na famfo sai ya fara yin rawaya, a hankali ya koma ruwan ƙasa, kamar shayin da aka manta a wuta. Wannan launin shi ke nuna azurfar ta zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Nano ake ce musu. Daga nan gwaji biyu nake yi. Ina ɗiga su a farantin da na shuka ƙwayoyin cuta in ga ko za su kashe su, ina kuma zuba su a kwalbar gwaji in ga ko za su rage saurin sinadarin da ke mayar da sitaci sukari. A faranti da kwalba ke nan. Ko ɓera ban taɓa ba wa ba. Farfesar da ke duba aikina kullum tana tuna mana cewa kwalba ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, don haka ba ta iya gaya mana abin da azurfa za ta yi wa mutum.

Yanzu kuma in gabatar muku da saurayina. Gyaran firij yake yi da na'urar sanyaya ɗaki. Ranar da firij ɗin lab, wato ɗakin gwajinmu, ya mutu shi aka kira, ya same ni tsaye ina rungume da kwalabena kamar mai jego, hawaye na shirin zubowa. Bai yi dariya ba sai da ya gama gyaran. Tun daga ranar Dakta yake ce mini, na hana har na gaji. Gwaggo, yayar Abba, ita ta sa masa Mai Sanyi, sunan ya bi shi har Abba ma haka yake kiransa. In ya zo da yamma ba za ku ce shi ne mai shuɗin kayan aikin nan ba. Riga fara ta sha guga, agogo mai baƙin fata, sai dai bakin farcensa da man inji ya ƙi fita, yana ta ɓoyewa a aljihu. Mutanen gidanmu sun karɓe shi tun kafin ni in gama karɓarsa, har Yaya ya saka shi a guruf ɗin iyali na waya, ana maganar manyansa za su zo.

Ranar da farantina ya fara nuna sakamako ni kaɗai ce a lab. Na ɗaga shi saitin taga, sai ga zobe fes ya zagaye wurin da na ɗiga, ba ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa. Na ɗauki hoto na tura wa Mai Sanyi, na rubuta, "Duba, sun mutu. Na sugan ma ya nuna alama jiya." Ya turo hoton wuta da na zuciya cike da layi. Na sa wayar a aljihun farar rigata na koma aiki.

Sai a cikin bas na buɗe guruf ɗin iyali. Hotona ne a sama, a ƙasa ya rubuta: "Albishirinku, Daktarmu ta gano maganin suga da na gyambo. Allah ya kawo wa Abba sauƙi ta hannun 'yarsa." Saƙonni sun taru a ƙarƙashi kamar ƙudaje. Kawu ya turo addu'a mai tsawo, matar Yaya ta ce a ajiye wa mahaifiyarta. Na rubuta bayani, na goge, na sake rubutawa, cewa gwajin faranti ne kawai, ba magani ba ne tukuna. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce Malama ba ta son yabo.

Na tarar da Gwaggo a falo ta baje a doguwar kujera, mayafinta mai ruwan toka a kafaɗa, jakarta a cinya, alamar ba yau za ta tafi ba. Ko jakata ban ajiye ba ta miƙo hannu ta ce ina maganin yake. Na fara bayani. Na yi maganar hanta, na yi ta ƙoda, na ce azurfa tana iya taruwa a jiki, na ce akwai matakai da shekaru a gaba. Ina magana ina jin muryata tana ƙanƙancewa, dama haka nake in an zuba mini ido. Gwaggo ta bari na kai aya sannan ta ce ganyen gwaba dai ko akuya tana ci, azurfa kuma ga ta a yatsanta tun tana budurwa ba ta kashe ta ba. Ta ce ita ta san wani mai magani a jarka bayan tashar mota, in 'yar cikinsa ta hana shi, gobe za ta kai ƙaninta can. Umma tana ta ninke yadin da yake a ninke.

Duk wannan Abba yana shago, ƙofar a buɗe, keken a tsaye. Da na shiga gaishe shi na same shi ya ɗora ƙafar a kan ɗan benci, tef ɗin awo a wuya. Shi ya ɗinka mini farar rigar lab ɗina, ya yi mata aljihu a ciki saboda waya. Ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Uwata, na gaji da huda cikina. Duk ya zama kamar matashin fil."

"Na sani, Abba."

"In ba a gama ba, ba a gama ba. Amma ni ko kayan da ban gama ba nakan bari mai su ya gwada."

Ya jawo wani wando ya fara farke ɗinkinsa, ni kuma na tsaya kamar an dasa ni. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi nauyi. Gwaggo ta tare a ɗakina, tana waya da ƙarfi tana ba da labarin 'ya'yan zamani da boko ya cire wa tausayi. Abba ya rage cin abinci. Ni kuma na daina ɗaga kiran Mai Sanyi, ina ganin saƙonninsa suna shigowa: "Dakta ki yi haƙuri." "Murna ce ta yi mini yawa." "Na goge, amma sun riga sun gani." "Ina ƙofar makarantarku, ba zan tafi ba."

Da na fito kuwa yana nan, cikin motarsa ta aiki mai warin gas da tsohuwar roba. Na shiga na zauna a gefen akwatin kayan aiki ina kallon gaba. Ya ba da haƙuri har na ji kunya. Sannan ya tambaye ni yadda ruwan gwajin nawa yake a ido, na ce kamar shayi mai kauri. Ya buga sitiyari da yatsa.

"To ki ba shi shayin mana."

Na juyo na kalle shi. Ya ce in saurare shi tukuna. In ban ba Abba komai ba, Gwaggo za ta kai shi wurin mai jarka, can kuma abu na farko da za a ce masa shi ne ya bar allura. Amma in na ba shi kwalba daga hannuna, na ce ba ta aiki sai tare da allura, zai riƙe allurar saboda ni. Shayin da ba sukari ba ya cutar da kowa. Ya ce shi ma wani lokaci in kwastoma ya nace sai an canza masa abin da lafiyarsa ƙalau, yakan kwance ya goge ya mayar, kowa ya rabu lafiya.

Na ce Abba ba firij ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa yake tsoron jarkar.

Masu karatu, ni mai tsoro ce, kuma maganarsa ta yi kama da hankali. Washegari da hantsi, Umma ta fita kasuwa, Gwaggo tana wanka, na dafa shayi na bar shi ya yi baƙi ya huce. Na ɗura a kwalbar lab mai duhu, sabuwa da ban taɓa sa komai a ciki ba, na naɗe ta da takardar alminiyom kamar yadda muke yi don kada haske ya taɓa. Na kai masa shago na ce cokali ɗaya safe da yamma, kuma sharaɗi, ba ya aiki sai da allura. Na maimaita sharaɗin har ya yi murmushi. Ya karɓa da hannu biyu. Da ya ɗanɗana ya ce kamar shayi, na ce ai ganye ne. Ya ce haka ne, Allah ya yi mini albarka. Na fita da sauri na shige banɗaki na kunna famfo.

Gidan ya warware kamar an yi ruwa bayan zafi. Gwaggo ta tattara ta koma gidanta, ta bar mini turare a kan gado. Keken Abba ya dawo da ƙararsa, da ƙafar hagu yake takawa yana 'yar waƙa. Ya ce daga yau shi zai riƙa wanke ciwonsa da kansa, in ji da karatuna. Ya ɗauke na'urar awon suga ya kai shago, in na tambaya sai ya ce lafiya lau, lamba tana kyau. Kwalba ta ƙare na sake cikawa, ta kuma ƙarewa da wuri fiye da lissafina, ban kawo komai a raina ba. Mai Sanyi yana turo mini, "Ya mai jikinmu? Ba na gaya miki ba?" Ina mayar masa da hoton murmushi. Har na fara yarda mun yi dabara.

Abin da ya fara damuna ruwa ne. Abba ya koma ajiye babbar gora a gefen keke, kafin azahar ya shanye ya aika a ciko. Yana yawan tashi zuwa banɗaki yana dafa bango. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Umma ta ce zafi ne. Na karanta waɗannan alamun a littafi ba sau ɗaya ba, amma na ce wa kaina zafin ne.

Yau da la'asar na dawo daga makaranta, ko abayata ban cire ba na buɗe firij neman ruwan sanyi. A ƙofar firij ɗin, bayan kwalin ƙwai, nan Abba ke ajiye insulin. Kwalbar da Yaya ya kawo tun kafin Gwaggo ta tafi tana nan da murfinta na roba, ba a ko ɓalle shi ba. Tsohuwar kuma tana inda na san ta, ruwanta bai motsa ba. Na daɗe a tsaye sanyi yana dukan fuskata.

Na same shi a shago ya jingina da bango, ɗinki a cinya, ba ya yi. Na nuna masa kwalbar insulin ɗin. Bai ko ji kunya ba, sai ma fuskarsa ta washe kamar yaron da aka kama yana shirya wa mutum kyauta. Ya ce dama yana jira a cika wata ya ba ni labari. Wai ya taɓa jina ina yi wa wata ƙawata bayani a waya, cewa in aka haɗa abu biyu a gwaji ɗaya ba a sanin wanda ya yi aikin. To shi ya ga in ya sha nawa ya kuma yi allura, likita zai ce allurarsa ce. Shi ya sa ya ajiye ta, don sakamakon ya fito nawa ni kaɗai, in kai wa Farfesa. Sharaɗin da na kafa kuwa, ya san tsoro ne irin nawa. Har a ciwon yake zubawa, tunda an ce yana kashe ƙwayoyin cuta.

"Kuma kin ga ikon Allah, Uwata, ƙafar ta daina zogi gaba ɗaya. Ko taɓawa na yi ba na ji."

Na durƙusa na jawo bencin. Bandejin ya rine ya zama ruwan ƙasa, ya manne. Ina warwarewa wari yana tasowa, wanda turaren shagon ya ɓoye mana. Ba zan kwatanta muku duka ba. Yatsan ya yi duhu, duhun ya fara gangarowa, saman ƙafar ya kumbura yana sheƙi. Na danna da ɗan yatsana na ɗago ina kallonsa. Murmushi yake yi.

"Abba, shayi ne."

"Na'am?"

"Abin da ke cikin kwalbar. Shayi ne na kicin ɗinmu. Ban taɓa kawo na lab gidan nan ba. Tashi za ka yi mu tafi asibiti yanzu."

Ya yi 'yar dariya ya ce ya san dokar makarantarmu ce, an hana mu fitar da shi, kada in damu ba zai gaya wa kowa ba. Na rantse, ya ce in daina rantsuwa a kan abin da bai kai ba. Na rasa ta inda zan ɓullo. Duk maganar da na yi a gidan nan ta gaskiya ba a yarda da ita ba, ƙaryar ce kaɗai ta samu shiga.

Da hannu ɗaya na rubuta wa Mai Sanyi: "Ka zo da mota yanzu. Ya bar allura. Ƙafar ta yi baƙi." Ya karanta nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. "Ina hanya. Don Allah kada ki ce ni ne. In ya sani ba zai ba ni ke ba."

Na ajiye wayar. Na shiga kicin na ɗauko kofin gilashi da gwangwanin madara. Umma ta biyo ni tana tambayar lafiya, ta tsaya a bakin ƙofar shago, ta ga ƙafar, ta toshe baki da gefen mayafinta. Na ɗauki kwalbar daga ƙarƙashin teburin yanka, na yaye takardar, na juye duk abin da ke ciki a kofin. Na zuba madara na juya da cokalinsa. A gabansa ruwan ya koma kalar shayin da yake sha kowace safiya tun kafin a haife ni. Na kurɓa, na miƙa masa.

Ya karɓa ya shinshina. Ya kai baki ya ɗan taɓa. Ya daɗe yana kallon cikin kofin, sannan ya ajiye shi a kan keken a hankali, ya cire tef ɗin awo daga wuyansa ya naɗe. Sai a lokacin ya sunkuya ya dubi ƙafarsa da kyau, kamar ta wani ce aka kawo masa.

Ya ce wa Umma ta ɗauko masa hula da katin asibiti, da takalmi, na hagu ya isa. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma akwai. Umma ta juya da gudu-gudu. Muka rage mu biyu. A waje na ji tsayuwar mota, na ji an buɗe ƙofa an rufe, takun da na sani yana nufo shagon.

"Uwata," Abba ya ce, bai ɗago ba. "Ni na raine ki. Ko alewa kika ɗauka sai kin zo kin faɗa. Wannan dabarar ba taki ba ce. Wa ya ba ki?"

Aka yi sallama a bakin ƙofa.